Tsohuwar Mota Ma Tana Iya Jin Waƙar Wayarka

Ba sai ka canza mota ba kafin ka saurari karatun Alƙur'ani ko waƙoƙin Shata daga wayarka. Fara duba rediyon da ke ciki. In akwai ƙaramin ramin AUX mai faɗin milimita 3.5, 'yar na'urar Bluetooth da za ka soka a wurin ta wadatar, kuma sautinta garau ne.

In babu, akwai wadda ake sokawa a ramin kunna sigari, ta aika sautin wayar zuwa rediyo ta zangon FM. Tana da araha, amma a gari irin Kano mai tashoshi rututu sai ka nemi zangon da babu kowa, in ba haka ba shuu ɗin zai dame ka. A wasu motocin ramin ba ya mutuwa in an kashe inji, don haka zare ta da daddare kada ta shanye batir.

Ni dai a ganina, mai doguwar tafiya gara ya daure ya sa sabon rediyo mai allo wanda ke karɓar Android Auto ko Apple CarPlay. Taswira da amsa kira duk suna gabanka. A auna gurbin rediyon tukuna: ƙarami tsayinsa santimita 5 ne, babba 10. Kada ka bari mai wayarin ya yanka wayoyin asali. Akwai soket ɗin haɗi na yawancin motoci. A tabbatar an sa fis, domin waya tsirara na iya tada gobara.

Sauke waƙoƙinka tun a gida, sabis yakan ɗauke a hanya. Kuma don Allah, zaɓi abin da za ka ji kafin ka tada mota.