Baƙin Rami Da Kishiyar Zarra: Shin Za Su Cinye Duniya?

Ran nan da dare, bayan mun tashi daga karatun dare, sai gardama ta kaure a ɗakin kwananmu. Wani ɗan ajinmu ya ce ya ji labari Turawa sun ƙera wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa wadda za ta haifi wani rami ya haɗiye duniya duka, kuma wai suna tara wani abu wanda cokali guda nasa ya isa ya tashi birni. Yaran aji ɗaya suka yi tsuru-tsuru, har ɗayansu ya ce shi gida za shi, gara ya mutu a gaban uwarsa. Ni kaina ban yi barcin kirki ba. Gari na wayewa na sami malaminmu na Kimiyya da maganar. Ya ce, "Kada ka yarda, kada kuma ka ƙaryata. Je ka ka karanta, ka yi lissafi, ka dawo mu duba tare." To, ga abin da na samo, na kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Tushen maganar duka abu guda ne. A shekarar 1905 wani masani haifaffen Jamus, Albert Einstein, ya nuna cewa duk abin da ke da nauyi makamashi ne a dunƙule, watau zai iya rikiɗa ya zama zafi da haske. In ana son a san yawansa, sai a ninka nauyin da gudun haske sau biyu. Haske kuwa yana cin kilomita 300,000 a sakan guda. Da na yi lissafin, sai na ga giram ɗaya, wajen nauyin ƙwayar gyaɗa biyu, ya yi daidai da yunit 25,000,000 na wutar lantarki. Gidan da ke shan yunit 10 kullum sai ya shekara fiye da 6,800 bai cinye shi ba.

Sai dai fitar da wannan makamashi ba wasa ba ne. In an ƙona itace a murhu, abin da ke rikiɗa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na nauyinsa ba, sauran duk toka ne da hayaƙi. Bom ɗin da aka jefa a Hiroshima a 1945 ma abin da ya rikiɗa a cikinsa bai cika giram ɗaya ba. Amma akwai hanyoyi biyu da nauyi kan rikiɗa ƙurmus, kuma su ne abokin namu ya ji ƙishin-ƙishin ɗinsu.

Hanya ta farko ita ce ta kishiyar zarra. Mun koya a aji cewa kome da kome da ƙwayoyin zarra aka yi shi, kuma a cikin zarra akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi irin su ilaktaron da furoton. A 1928 wani Baturen Ingila, Paul Dirac, ya rubuta wani lissafi game da ilaktaron, sai lissafin ya ba da amsa biyu. Daga baya ya ce amsa ta biyun wata ƙwaya ce mai nauyin ilaktaron daidai, amma cajin wutarta akasin nasa ne. A 1932 Carl Anderson na Amurka ya ga sawunta a cikin na'urarsa, aka sa mata suna fositiron. A 1955 kuma aka samo kishiyar furoton a Kalifoniya.

Sunan kishiya ya dace da ita, domin ba ta zama ɗaki ɗaya da abokiyar zamanta. Da zarar ilaktaron ya gamu da fositiron sai su biyun su ɓace, nauyinsu duka ya koma haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ya fita gida biyu, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. Ba toka, ba hayaƙi. Saboda haka rabin giram na kishiya in ya gamu da rabin giram na abu irin namu, ƙarfin da zai fito ya fi na bom ɗin Hiroshima. Ashe maganar cokali gaskiya ce.

Amma ina cokalin ya ke? Ba a haƙo kishiyar zarra kamar kuza ko man fetur, sai dai a ƙera ta ƙwaya-ƙwaya, kuma wutar da a ke kashewa wajen ƙirar ta ninka wadda za a samu nesa ba kusa ba. Ajiye ta ma wahala ce, tun da kowane mazubi aka zuba ta za ta ci shi ta ci kanta. Dole sai an rataye ta da maganaɗisu a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. A 1995 cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba ta haɗa zarra tara na kishiyar haidurojin. A 2011 aka yi murna domin an riƙe wasu har tsawon sakan 1,000, watau minti 16 da 'yan kai. Duk abin da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Ko an haɗa shi wuri guda, bai wuce wutar kwana biyar a gidan nan da na ambata ba. Inda ta ke aiki kullum kuwa asibiti ne. Akwai na'urar ɗaukar hoto mai suna PET, a kan yi wa majiyyaci allurar wani ruwa mai fitar da fositiron, hasken nan mai fita gida biyu ya nuna wa likita inda ciwon daji ya ke.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙaramin baƙin rami. In ka jefa dutse sama zai dawo, domin ƙasa na jan sa. Sai abu ya yi gudun kilomita 11 a sakan sa'an nan zai kuɓuce mata. To, in aka matse nauyi mai yawa a ɗan ƙanƙanen wuri, jan ya kan yi ƙarfi har haske ma ya kasa fita. Wannan shi ne baƙin rami. Karl Schwarzschild na Jamus ya fitar da lissafinsa a 1916, kuma a 2019 aka nuna hoton wani ƙato na farko. Kafin duniyarmu ta zama baƙin rami sai an matse ta ta koma kamar ɗan kanya. Abin lura a nan shi ne, daga nesa jansa bai fi na nauyin da ke cikinsa ba. Da rana za ta rikiɗa ta zama baƙin rami, da duhu da sanyi za su kashe mu, amma duniya za ta ci gaba da kewaya ta kamar da.

Dā an ɗauka abin da ya shiga ramin ya shiga ke nan. A 1974 sai Stephen Hawking na Ingila ya nuna da lissafi cewa baƙin rami yana da zafi, yana tsiyayar da haske da ƙwayoyi da kishiyoyinsu, yana ramewa a hankali kamar ruwa a kasko. Abin mamaki, ƙarami ya fi babba zafi. Mai nauyin rana sanyi ƙalau ya ke. Amma mai nauyin tan biliyan ɗaya, wanda girmansa bai fi na furoton da yawa ba, zafinsa ya haura digiri biliyan 100. Yana ramewa yana ƙara zafi, yana ƙara zafi yana ƙara saurin ramewa, har ya ƙare da fashewa. Masana na zaton mai yiwuwa an sami irin waɗannan ƙanana tun farkon halittar sammai, amma har yau ba a ga ko ɗaya ba, ba a kuma auna hasken nan na Hawking ba.

Yanzu sai mu dawo ga na'urar da ta hana mu barci. Akwai ta. CERN ce ta gina ta, zobe ne mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, aka kunna ta ran 10 ga Satumba, 2008. Aikinta shi ne ta kora furoton da gudu kusa da na haske ta gwara kansu. Wasu masana sun ce watakila a sami ɗan baƙin rami a wajen karon, tsoro ya bazu, har wasu suka kai ƙara kotu a Amurka, kotu ta kori ƙarar. Ga dalilai uku da suka kwantar mini da hankali. Na ɗaya, ƙarfin karo guda bai fi na sauro goma sha huɗu suna tashi ba, ramin da zai fito daga nan kuwa nauyinsa bai kai na ƙura ba, balle ya ja wani abu. Na biyu, in lissafin Hawking daidai ne, kafin ƙiftawar ido ya tsiyaye. Na uku shi ne mafi ƙarfi: ƙwayoyi daga sararin sama suna dukan duniya da wata da ƙarfin da ya fi na na'urar, tun shekaru biliyan huɗu da rabi, ga duniya nan ga wata nan. Na'urar ta yi shekaru tana aiki ba ta sami rami ko ɗaya ba.

Da na koma wurin Malam ya duba lissafina, ya gyara mini sifili biyu da na tsallake. Daren nan na tara yaran aji ɗaya na yi musu bayani, wanda ya ce gida za shi har yanzu yana nan tare da mu. Abokin namu bai yi ƙarya ba, rabin labari ya ji, rabin da ya bari kuwa lissafi ne. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana masu gudun darasin Lissafi su sake tunani, domin da ninkawa da rabawar aji biyu na kori tsoron da ya hana ɗaki guda barci. Iyayenmu kuma, in mun zo hutu da irin waɗannan tambayoyi, a yi haƙuri da mu, a taimaka mana da littattafai.