Filin Shawara: Kaset ɗin da Baba yake ciki

Mahaifinmu ya rasu bara. Da muke gyara ɗakinsa muka tarar da ƙananan kaset guda biyar na tsohuwar kyamarar yayana, an rubuta MiniDV a jikinsu. A ciki akwai walimar saukar ƙanena da ranar da Baba ya dawo daga Hajji. Na kai wa wani mai shagon bidiyo, ya haɗa min su duka a faifan DVD ɗaya. Da muka kunna sai fuskoki dishi-dishi, Inna ta kasa gane Baba a cikin jama'a, ta tashi ta shige ɗaki tana hawaye. Mai shagon ya ce haka tsohon kaset yake. Yaya kuma ya ce tunda an mayar faifai, a zubar da su. Anti, shi ke nan mun rasa hoton Baba?

'Yarki, daga Zariya

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. 'Yata, kafin komai, tashi ki adana kaset ɗin nan biyar a inda hannun kowa ba zai kai ba. Ina kyautata zaton hoton Baba yana nan garau a cikinsu.

Maganar mai shago ba ta kama hankalina ba. MiniDV ba irin babban kaset ɗin VHS ba ne. Shi a lambobin kwamfuta yake ajiye hoto, saboda haka idan ya tsufa ba dushewa yake yi ba: sai dai hoton ya riƙa tsinkewa, ko ya farfashe gida-gida, ko murya ta ɗauke. Dishi-dishin da kuka gani wajen juyawa aka jawo shi. Kowane kaset yana ɗaukar kimanin awa ɗaya, kuma awa ɗayar nan idan aka sauke ta a kwamfuta yadda take, tana cin wajen gigabait 13. Faifan DVD da aka saba sayarwa kuwa 4.7 yake ɗauka. Ki lissafa da kanki: a kaset biyar, kayan buhu kusan goma sha huɗu aka danna a buhu guda. Dole ya matse hoton har fuska ta narke. Ina kuma zargin da wayar nan mai jan kai da fari da ruwan ɗorawa ya haɗa kyamarar, wadda ita ma tana rage kyan hoto tun kafin ya isa faifai.

Ki nemi wanda yake da kyamarar MiniDV mai lafiya da kwamfutar da ke karɓar wayar da ake kira FireWire. Ta wannan wayar ce hoto yake wucewa ba tare da an rage masa komai ba. Sababbin kwamfutoci ba su cika zuwa da gurbinta ba, don haka tsofaffin masu ɗaukar biki za ki fi tambaya, waɗanda suka yi aiki da irin kyamarar a zamaninta. Kafin ki biya ko sisi, ya kunna kaset ɗaya ki gani da idonki a talabijin. Abin da kika gani nan shi ne ma'auninki.

Ki ce ya fara sauke kowane kaset cikakke, ya zuba miki a babban filas ko rumbun ajiya na kwamfuta. Wannan shi ne asalinku. Daga shi za a yi faifan da Inna za ta kalla, kaset ɗaya faifai ɗaya. Awa ɗaya a DVD tana fita tas, awa biyu ma ba laifi, abin da ya wuce haka kada ki yarda. Kada kuma a lallaɓa ki da VCD don arha, ɗigon hotonsa 352 ne a kwance da 288 a tsaye, na DVD kuwa 720 da 576. Ya rufe faifan idan ya gama ɗorawa, in ba haka ba na'urar gida za ta iya ƙin karanta shi, kuma ki gwada a gabansa.

Wani abin da nake so ki kula da shi: bidiyon cikin gida ne, akwai iyayenki mata da 'yan'uwa a sake. Saukewar tana cin lokaci daidai tsawon kaset ɗin, to ki zauna ko ki sa ƙanenki ya zauna, a goge komai daga kwamfutar shagon kafin ku tafi.

Shi kuwa Yaya, ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, ɗauka ya yi faifai ya gaji kaset. Ki yi masa bayani cikin ladabi cewa faifai yana karcewa, rana ma tana lalata shi. A jera kaset ɗin a tsaye cikin gidajensu, nesa da zafi da danshi da lasifika, a kuma ajiye kwafi na biyu a gidan wani ɗan'uwa. Idan za ku raba wa dangi, ku ba su a filas, domin WhatsApp yakan matse bidiyo. Ranar da za ki sake kunna wa Inna, ki fara kalla ke kaɗai, sannan ki tambaye ta ko ta shirya.

Anti, kaset ɗin aurenmu na VHS ya yi wani fari-fari a kan zarensa. In sa shi a na'ura in gwada?

Magidanci, daga Maraɗi

Malam, kada ka sa. Fumfuna ce, danshin damina ya kawo ta. Tana manne zare har ya tsinke, tana kuma ɓata kan na'urar ta shafa wa kaset na gaba. Ka ware shi daga sauran, ka kai wa mai gyaran da ya iya buɗe kaset ya share zaren a hankali, a sauke shi a kwamfuta a kunnawar farko. Kada ka yi jinkiri, domin tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera na'urar VHS, waɗanda suka rage kuma kullum mutuwa suke. Hoton ba zai fi yadda aka ɗauke shi kyau ba, saboda haka kada ka ƙara wa kowa kuɗi don ya yi maka alkawarin mayar da shi kamar na wayar zamani.