Wane Gefen Zanzibar Za Ku Sauka?

Hajiya mai sauraronmu daga Damagaram, kin tambayi otal ɗin da ya dace ku kama ke da maigida a Zanzibar. To, kafin kyan ɗaki ya ɗauke miki hankali, tambayi gefen da otal ɗin yake. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye sau biyu a rana, ki fito ki tarar da rairayi fetal, mata na tsintar ciyawar teku can nesa. In wanka kuke so, ku nufi arewa, Nungwi ko Kendwa. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, amma manyan otal na sayar da giya. Don Allah ku kauce wa Afrilu da Mayu, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya.