Filin Shawarwari: A Ina Zan Sami Wurin Ɗaukar Hoto Kamar Na Fim?

Malam,

Ni matashi ne daga yankin Bunkure. Sana'ar gidanmu noman rani ce, amma ni ɗaukar hoto na kama. Da waya na fara, daga baya yayana ya sayar da shinkafa ya ranta mini kuɗi na sayi kyamara 'yar gwanjo. Ina samun aikin biki da suna da hoton Sallah a Bunkure da Kura, wani lokaci har Garun Malam.

Damuwata ita ce, yanzu duk wanda ya zo sai ya ce, "Hoto kamar na fim nake so." Ango zai zaro waya ya nuna mini jarumi tsaye a gaban wani gida mai fitilu ko a bakin ruwa, ya ce irin wannan yake so. Labulen da nake ratayawa a shago, mai zanen bene da furanni, ba mai kallonsa, wai ya zama tsohon yayi.

Na ga cewa a ƙasashen waje akwai wuraren shaƙatawa da aka gina da siffar finafinai, mutum ya biya ya shiga, duk inda ya tsaya hoto ne. Sai na ce bari in nemi makamancinsu. Da ƙaramar Sallah na ɗebi wani ango da abokansa muka shiga birni, wani wurin wasa mai lilo. Muka biya kuɗin mota, muka biya kuɗin ƙofa, aka ce kyamara ma sai an biya mata. Mun isa da azahar, rana tsaka, jama'a maƙil. Duk hoton da na ɗauka, in ba kan wani yaro ya faɗo ciki ba, to keken mai askirim. Fuskoki suka yi duhu, farar shaddar ango ta ƙone da haske, ko aikin wuyan ba a gani. Rabin kuɗi ya ba ni, sauran har yau shiru.

Da na ce bari in gwada gida, na kai wasu samari gonar alkama a bakin kanal. Mai gonar ya zo ya yi mana tatas, har ya ce sai ya kai ƙarata wurin mahaifina.

Malam, shin akwai irin wancan wuri a Kano ko kusa da ita? Ko in tara kuɗi in riƙa kai mutane Abuja? Ko dai in haƙura in koma gona? Bashin yayana yana nan a wuyana.

Naka,
Mai hoto daga Bunkure

*

Ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka, ya kuma saka wa yayanka da alheri.

Wuraren da ka gani gaskiya ne akwai su. A Amurka akwai Universal Studios, inda ake zagayawa da baƙi cikin mota ta titunan da aka gina don fim. A Indiya, kusa da birnin Haidarabad, akwai Ramoji Film City da aka buɗe a 1996, kuma har yanzu 'yan kallo na zuwa ɗaukar hoto a ginin da aka yi wa fim ɗin Bahubali. Dubai ma ta buɗe wani na finafinan Indiya a 2016, amma a 2023 aka rufe shi. A Kano ba mu da irinsu. Akwai dai alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina a 2016, a garin Kofa na ƙaramar hukumar Bebeji, nan maƙwabtanku, a kan kuɗi wajen naira biliyan 3. Malamai da jama'a da dama suka nuna ba sa so, gwamnatin Buhari ta janye. Saboda haka ka cire ranka daga neman ƙofar da za ka biya ka shiga ka tarar da fim yana jiranka.

Zancen Abuja kuwa ka bar shi. Kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar, kuma ranar da ta ɓata maka hoto a Kano ita za ka tarar a can.

Ka lura da abu ɗaya. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa yau, masana'antar Kannywood ba a cikin wata alƙarya ta girma ba. A gidajen aro ta girma, da lambuna, da ƙauyuka, da bakin ruwa. Mai shirya fim a birni, idan yana neman lokeshan mai ruwa da kore da dutse, sai ya ɗauki hayar mota ya baro gari ya nufi irin wurin da kai kake kwana kake tashi a ciki. Kai kuma ka kwashi mutane ka bar shi, ka je kana biya wa kyamara kuɗin ƙofa. Wannan kam ya ba ni dariya, ka yi haƙuri.

Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ne ya haifi duk koren da kake gani da rani. Daga can babban kanal ya ɗauko ruwa ya rarraba shi ga Kura da Bunkure da Garun Malam, a shirin da aka tsara zai shayar da hekta 22,000. A watan Janairu, lokacin da galibin ƙasar Hausa ta bushe ta yi fari fat, ku kuna da ruwa mai gudu da fili kore iya ganinka. Wannan jari ne da mai hoton cikin birni ba shi da shi.

Sai dai wuri bai isa ba, kuma nan ne ainihin matsalarka take. Abin da angon nan yake gani a wayarsa har ya kira shi "kamar na fim", yawancinsa haske ne da inda aka tsayar da kyamara. Da azahar rana tana tsakar ka, inuwar hula da gira ta sauka a kan ido, fuska ta dushe. Ita kuma kyamara, in ta ga farar shadda tana ƙyalli, sai ta rasa wanda za ta bi: in ta bi riga fuska ta yi baƙi, in ta bi fuska riga ta ƙone. Lokacinka biyu ne rak. Daga fitowar rana zuwa kafin hantsi ya ɗaga, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. A waɗannan lokuta rana tana gefe, haskenta ya yi laushi ya yi ja-ja, yana kwanciya a fatarmu lafiya lau. Ka sa ranar a bayan mutum ko a gefen kafaɗarsa, ka auna haske a kan fuska, ba a kan riga ba. Ka riƙe farin kwali babba, ko ka lulluɓe shi da takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci, wani yaro ya riƙe maka daga gaba yana mayar da haske kan fuskar. Masu fim ma abin da suke yi ke nan, nasu dai na kanti ne. In aiki ya tilasta maka rana tsaka, nemi inuwar mangwaro ko darbejiya mai duhu sosai, ba mai ɗigo-ɗigon haske ba, ka tsayar da mutum a bakin inuwar yana fuskantar fili.

Hazo kuma, wanda masu hoto da yawa ke tsinewa, in bai yi kauri ba alheri ne. Yana tausasa rana, ya kuma ɓoye tarkacen da ke nesa. Ka dai riƙa rufe kyamararka, ƙurar hunturu ba ta da mutunci.

Sai tsayuwa. Kada ka manna mutum a jikin abin da kake so ya fito a bayansa. Ka janyo shi gaba taku da yawa, kai ma ka ja baya ka zuƙo shi, sai bayan ya narke, shi ya fito raɗau. Ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa: zangarniyar alkama ta shigo gaban hoto, ledojin da ke ƙasa su ɓace, mutum ya ƙara kwarjini. Kanal miƙaƙƙe ne, to ka tsaya yadda zai taso daga kusurwar hoto ya tafi can ƙurya, ido zai bi shi har kan mutuminka. Kafin ka danna, duba gefe huɗu na hoton, ba fuska kaɗai ba. Turken lantarkin da ya tsiro a kan ango, a nan ake kama shi.

Kowane wata da kayansa. Shinkafar damina tana shar a Agusta da Satumba, ta koma ruwan zinare wajen Oktoba. Alkama tana kore a tsakiyar hunturu, ta nuna wajen Maris. Lokacin kakar tumatir, kwandunan da ake jerawa a Kwanar Gafan ja ne da babu labulen da zai ba ka, ko da yake can kasuwa ce, sai ka yi sammako kuma ka san da wa za ka yi magana. Mai son dutse, ga duwatsun Rano nan kusa. Mai son ruwa mai faɗi, ga Tiga. Kura kuma tun zamanin fatake ta yi suna da rini da bugun turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. Ƙyalle ɗaya mai baƙin shuni, ka rataya a jikin katangar ƙasa da yamma, ya fi benen nan na shagonka sau goma. Ka ware kwanaki ka zaga a babur kai kaɗai, safe da yamma, ka ɗauki kowane wuri da waya, ka rubuta lokacin da ya fi kyau. In ango ya nuna maka wayarsa, kai ma ka nuna masa taka ya zaɓa.

Yanzu maganar mai gona. Ƙanena, gaskiyarsa ce, kuma kai ɗan manomi ne, ka fi ni sani. Mutum ya sayi iri da taki da tsada, ya kwana yana jiran layin ruwa, sai ya tarar da samari da takalma sau-ciki suna tattaka masa fangali. Ko ni ne sai na yi faɗa. Kuɗin ƙofar wannan wurin shaƙatawa naku sallama ce da neman izini. Ka je tun jajibiri, ka gaishe shi, ka faɗa masa mutum nawa ne da inda za ku tsaya, ku tsaya a kan hanya ko gaɓar kanal, kada ƙafa ta shiga shuka. In kun gama ka ɗauke shi shi ma a cikin gonarsa, ka wanke hoton ka kai masa har gida. Wanda ka ɓata wa rai kuwa, ka nemi babba ya raka ka ka ba shi haƙuri kafin maganar ta isa kunnen Baba. Mata masu aiki a gona ko masu wanki a bakin ruwa, da yaran mutane, kada su shigo hotonka ba da yardarsu ba. In da amarya za a fita, a fita da saninsu a gida, da 'yar'uwarta a tare, cikin sutura ta mutunci. Ƙaramin gari ne, hoto ɗaya zai iya rufe maka shago. A wajen dam kuma akwai sassan da ma'aikata ke tsaro, ka tambaye su kafin ka ɗaga kyamara.

Ruwa ba abin wasa ba ne. Gefen babban kanal siminti ne mai gangara da santsi, ruwan kuma ya fi yadda ake ganinsa ƙarfi. Kada ka sa kowa ya shiga ko ya zauna a leɓensa don hoto ya yi kyau, balle tsargiya da ake kwasa a ruwan yankin. Kwalekwale ma, in ba rigar ruwa, a bar shi. Ba mu manta da haɗarin kwalekwalen da ya faru a Bagwai a Nuwamban 2021 ba.

Batun kuɗi, daga yau ka riƙa karɓar kafin alƙalami, ku yanke farashi da lokaci tun kafin a fita. Wanda ya ce shi sai da azahar zai samu zuwa, ka gaya masa gaskiyar abin da zai samu, in ya nace ruwansa. Hoton fita waje kuma farashinsa ya ɗara na shago, domin akwai man babur da ɗan abin da za ka ba yaron da ke riƙe kwali.

Kada ka sayar da kyamara, kada kuma ka raina gona, don ita ta saya maka ita. Ka fara da mutum ɗaya cikin abokanka, ka kai shi bakin kanal bayan la'asar, da izinin mai wuri, ka ɗauke shi kyauta. Ka aiko mini da guda uku daga ciki in gani, kuma duk wata ka riƙa rage wa yayanka wani abu ko yaya yake.