Bashin Gida: Zaɓen Banki Da Sauya Shi A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi magidancin da ke neman muhalli ta hannun banki. Ma'aikaci mutumin Kwatarkwashi, ko Tsafe, ko Bunguɗu, in ya nufi Gusau neman kuɗin gina gida ko sayensa, zai tarar da bankuna suna rige-rigen jawo shi, kowanne yana cewa nasa ya fi sauƙi. To, lalle ya auna abu biyu kafin ya sa hannu: irin yarjejeniyar da za a ƙulla da shi, da jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe.

Irin Yarjejeniyar

Hausa ta haɗa kalmomin Larabci biyu a rubutu ɗaya. Akwai ribar ciniki, wadda Larabawa ke kira ribhu, akwai kuma riba, watau ƙari a kan bashi, wanda aka fi sani da kuɗin ruwa. Aya ta 275 cikin Suratul Baƙara ta raba su, ta farko halal ce, ta biyu kuwa haram.

Bankin Bayar Da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977, shi ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka buɗe a 1992. Ma'aikaci yakan zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, a ba shi rance kan ruwa kashi 6, ya biya har cikin shekara 30. Wannan ya fi ruwan bankunan kasuwa sauƙi nesa ba kusa ba, tun da ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Amma ƙarancin ruwa ba ya fitar da shi daga sunansa. Wanda ke ganin lalura ta matsa masa, sai ya kai maganarsa gaban malami masani, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, ta hanyar ciniki suke bi. A murabaha, banki zai sayi gidan ya mallake shi tukuna, sa'an nan ya sayar wa mutum kan farashi sananne, a biya kaɗan-kaɗan. A tarayya mai raguwa kuwa, banki da mutum za su haɗa kuɗi su sayi gidan, shi ya shiga yana biyan hayar rabon banki, yana kuma sayen rabon sannu a hankali har gida ya zama nasa. In banki bai mallaki kome ba, kuɗi kawai ya miƙa yana jiran ƙari, to, suna ne aka sauya.

Jimillar Abin Biya

Ga misali. Gida na Naira 5,000,000, banki na farko ya ce zai sayar kan 8,000,000 cikin shekara 10, watau kimanin 66,700 kowane wata. Na biyu ya ce 50,000 kawai zai riƙa karɓa, amma har shekara 15. Mai gaggawa zai ruga wajen na biyu, alhali 50,000 sau wata 180 ya tashi 9,000,000. Sauƙin wata ya jawo masa ƙarin miliyan guda ke nan. Ya kuma tambayi kuɗin lauya, da na masu ƙiyasta darajar gida, da na inshora ko takaful, da abin da zai same shi in albashi ya makara. Duk a rubuta, kamar yadda aya ta 282 cikin surar ta hori masu ƙulla bashi.

Sai maganar jingina, wadda Shari'a ta yarda da ita. Gidaje da yawa a ƙauyuka ba su da wata takarda sai ta ciniki, mai ɗauke da hannun mai unguwa da shaidu, banki kuwa satifiket na mallaka yake nema, kuma Dokar Filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai satifiket ɗin Gwamna sai da izininsa. Gidan gado da ba a raba ba, bai halatta wani magaji ya jinginar da shi ba da yardar sauran ba, domin in biya ya gagara, marayu da mata za a fitar waje.

Sauya Banki

Bayan an yi nisa, wani banki yakan zo ya ce zai biya sauran bashin, mutum ya koma biyansa cikin sauƙi. A nan hukunci ya rabu uku.

In sabon rance ne mai ruwa za a ci a biya tsohon, an fita daga riba an shiga riba.

In murabaha ce, farashi ya riga ya tabbata bashi a wuyan mai saye. Ƙara lokaci tare da ƙara kuɗi shi ne ainihin ribar Jahiliyya. Rage bashi don a biya da wuri kuwa, malaman Malikiyya sun hana shi, amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi, muddin ba a sharɗanta tun farko ba, kuma tsakanin mai bi da wanda ake bi kaɗai.

In tarayya mai raguwa ce, al'amarin ya fi sauƙi, domin banki na biyu rabon gida zai saya daga na farko, gida kuwa kaya ne da ake ciniki.

Ko a inda ya halatta, a yi lissafi. In sauyin zai rage Naira 300,000, amma sabuwar rajista da lauya da neman izini za su ci 350,000, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda ya shiga ƙunci kuwa, ya fara zuwa bankinsa ya nemi jinkiri marar ƙari, domin aya ta 280 ta yi umurni da a saurara wa matalauci har ya samu.

Allah ya sa a dace, ya rufa asirin magidanta, amin.