Falsafar Siyasa da Ilimin Zaman Jama'a: Darasi Daga Gonakin Ungogo

A darasinmu na wannan karo za mu duba fannoni biyu na ilimi waɗanda ake koyarwa a jami'o'i, amma tasirinsu yana kaiwa har gonar mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Na farko shi ne falsafar siyasa, wato tunani a kan yadda ya kamata a yi mulki: wa ya cancanci ba da umarni, ina iyakar ikonsa, kuma mene ne adalci tsakaninsa da talakawansa. Na biyu shi ne ilimin zaman jama'a, wanda yake bincika yadda mutane suke zaune a zahiri: yadda suke aure da rabon gado, yadda suke noma da ciniki, wa yake da abin hannu, wa ya rasa.

Falsafar siyasa tsohuwa ce ƙwarai. A nan Kano ma, Shehu Al-Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, littafi a kan wajiban sarakuna. Shi kuwa ilimin zaman jama'a, masana da yawa suna ganin Ibn Khaldun ne ya aza harsashinsa a littafinsa Muƙaddima a 1377, kafin Auguste Comte na Faransa ya raɗa masa sunan da Turawa suke kiransa da shi wajen 1838. Abin da muke so mu nuna shi ne, kowanne daga cikin biyun nan yakan yi tuntuɓe idan ya kama hanya shi kaɗai. Misalinmu shi ne ƙasar Ungogo, arewa da birnin Kano.

Dokar da ba ta leƙa gona ba

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sai suka tarar da tambaya a gabansu: ƙasar nan ta wace ce? A 1908 aka kafa kwamiti a London don duba batun ƙasa a Arewacin Nijeriya, a zamanin Gwamna Percy Girouard. Wasu manyan jami'an lokacin sun sha daga tunanin wani Ba'amurke mai suna Henry George, wanda ya koyar da cewa amfanin ƙasa haƙƙin al'umma ne baki ɗaya, bai dace wasu 'yan tsiraru su mallake ta ba. Da haka aka yi dokar 1910, wadda ta sa dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, don ya riƙe ta amana saboda mutanen ƙasa. Niyyar tana da kyawunta, domin ta hana baƙi daga Turai ƙwace filaye kamar yadda aka yi a Kenya.

Amma dokar ta tsaya ne bisa zaton cewa manomin Hausa aron ƙasa kawai yake yi daga al'umma, ba ya saye, ba ya sayarwa. A ƙauyukan da suka kewaye Kano kuwa, inda gona ke jingine da gona, kowa ya san iyakarsa, an daɗe ana gadon gona, ana ba da aronta, ana jinginar da ita, ana kuma sayar da ita idan matsi ya zo. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Dorayi ta wallafa littafinta a 1977, ta nuna haka filla-filla. Ta kuma nuna abin da zaton nan ya rufe: a ƙauye guda akwai manomi mai gonaki da yawa, akwai kuma magidancin da ba shi da abin da zai ciyar da iyalinsa, sai ƙwadago da cin rani. Wanda ya ɗauka cewa kowa yana da rabonsa a ƙasar al'umma ba zai ga wannan magidanci ba, balle ya yi masa tanadi.

Zaton da jaki ya rushe

Akwai wani tunani kuma da ya daɗe yana jan ragamar masu mulki, wato na Thomas Malthus na Ingila, wanda ya rubuta a 1798 cewa yawan mutane yakan zarce abincin da ƙasa za ta iya bayarwa. Bisa wannan, karkarar Kano ta kamata a ce ta gaji tuntuni, tun da ana nome ta kowace damina ba hutu. Michael Mortimore da J. Wilson, daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun fitar da rahoto a kan wannan karkara a 1965, Mortimore kuma ya ci gaba da bibiyar ta shekaru da dama. Abin da aka gani ya bambanta da zato. Manoma suna kai itace da amfanin gona birni a kan jakuna, su komo da taki da toka su zuba a gona. Suna ɗaure awaki da tumaki da damina, su tara takinsu. Suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, suna kuma kiyaye ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsakiyar shuka. Yawan hannaye ya zama abin da ya riƙe ƙasar. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce gani ya kori ji.

Inda bincike kaɗai ya kasa

Kada mu ɗauka cewa da wannan falsafar siyasa ta zama banza. Mu dubi Fanisau, a cikin ƙasar Ungogo. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon Kano a 1819, ya ƙarfafa garin ya zama ribaɗi a yaƙinsa da Ɗan Tunku, daga baya kuma aka san wurin da gandayen sarauta waɗanda bayi suke nomawa. Mohammed Bashir Salau ya wallafa littafi a kansu a 2011. Mai binciken zaman jama'a zai iya bayyana mana yadda ake raba aiki a gandu, da ranakun da bawa yake noma tasa 'yar gayauna, da hanyar da yake bi ya fanshi kansa. Amma bayanin yadda abu yake tafiya ba shi ne hukunci a kansa ba. Cewa bai dace mutum ya mallaki ɗan'uwansa mutum ba, wannan magana ce ta adalci da darajar ɗan Adam, kuma a fagen falsafa da addini da lamiri ake yanke ta. Sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa.

Idan fannonin biyu suka haɗu, talaka yakan gani a ƙasa. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, wadda aka kafa a 1950, sun san halin da haraji yake jefa magidanci domin sun zauna da shi, suna kuma da ra'ayi tsayayye game da 'yancinsa. Wannan haɗin ne ya kai ga soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, ƙarƙashin Gwamna Abubakar Rimi.

Abin da ya shafe mu

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka saka cikin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ne ko aka shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Ƙaramar Hukumar Ungogo sun haura 360,000, birni kuma ya riga ya miƙe zuwa Rijiyar Zaki da Bachirawa, gonaki suna komawa fuloti. Ga mai zanen taswira, fili ne babu gini. Ga mai gonar kuwa, takin kakanni ne na shekara da shekaru, da abincin gida, da gadon 'ya'ya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ya wajaba a tambaye shi kafin a zartar masa da hukunci. Haka nan ya wajaba a kanmu, idan mun ce abu al'ada ce, mu sake tambaya ko adalci ne, musamman ga gwauraye mata da marayu a wajen rabon gona.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiyoyinmu

1. Ta waɗanne hanyoyi ake samun gona a ƙauyenmu, kuma su wane ne ba su da ita?
2. Wace doka muka sani wadda aka yi da kyakkyawar niyya, amma ta cuci waɗanda aka yi ta dominsu?
3. Wace al'ada ce muka saba da ita wadda za ta kasa tsayawa idan aka auna ta da ma'aunin adalci?