Hasken Rana, Mai Ciki da Cutar Korona

Bitamin D sinadari ne da fata ke yi idan rana ta taɓa ta, shi ke ƙarfafa ƙashin jariri tun yana ciki. A Ingila, daga Oktoba zuwa Maris, rana ba ta da ƙarfin wannan aiki, baƙar fata kuwa ta fi jinkirin yinsa.

Da korona ta ɓarke a 2020, likitoci suka lura waɗanda ta fi kayarwa sau da yawa suna da ƙarancinsa. Amma wani babban gwaji da aka bayyana a 2022 bai nuna shansa yana hana kamuwa ba.

Saboda haka hukumar lafiya ta Ingila ta ce mai ciki ta sha maikirogiram 10 kullum domin ƙashi. Korona kuwa, wadda kan jawo haihuwar bakwaini, garkuwarta allurar rigakafi ce.